Ranar da Baffa Ya Kira Shanu a Ƙofar Mai Ɗori

Na ji abin da kuka faɗa a mota ranar da muka dawo daga filin ƙwallo na Pantami. Kun ɗauka barci nake yi, alhali idona kawai na rufe. Abba, kai ne ka ce, "Baba fa tsufa ya fara taɓa shi," ƙanwarka kuma ta ce a daina kai ni cikin taro. Ban ji haushi ba. Da ni ne na ga tsoho mai ɗingishi ya miƙe a tsakiyar 'yan kallo yana ƙwala kiran shanu, babu saniya ko ɗaya a wurin, da abin da zan faɗa ya fi naku muni. Amma akwai wata magana da ta fi wannan ci mini rai, wadda kuka taso kuna ji a bakin dangi, wai kakanku Baffa ne ya nakasa mini ƙafa saboda taurin zuciya da ƙin ƙwallo. Na daɗe ina jin ta ina yin shiru, domin shi ma shiru ya yi har ya koma ga Mahaliccinsa. Yanzu na ga shirun nan zai biyo ta kan jikana Nasiru, don haka ku natsu ku karanta. Kiran shanun da ƙafar duk labari ɗaya ne.

Baffa a ruga ya tashi, can wajen Dukku. Wata annoba ta shiga garken gidansu ta share shi, sai ya tattara iyalinsa ya shigo Gombe ya kama dillancin shanu a tike, wato kasuwar dabbobi. Pantamin da kuka sani yanzu, wadda ba a samun wurin ajiye keke, a lokacin gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi, kuma a nan muka zauna. A shekarar da aka ba mu mulkin kai aka haife ni, ni ne ɗan fari. Goggo, yayar Baffa, ta ce ranar sunana tun da sassafe ya ɗauki sandarsa ya bar gidan, bai dawo ba sai da taro ya watse. Ku 'yan yanzu za ku ce rashin so ne. Ba haka ba ne, kunyar ɗan fari ce, kuma a wurin Fulani abin ya fi na kowa tsanani. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, ba ya tsayar da ido a kansa. Inna, mahaifiyata, ita ma haka. Da aka yaye ni, ɗakin Goggo aka kai ni, ita ce ta goya ni, ita ce ke kirana Manu da babbar murya kamar tana rama wa kowa. Baffa in yana son aikena, sai ya dubi bango ko ƙasa ya ce, "Wani ya kai wa maruƙan nan ruwa." Ni ne wanin. Ƙannena kuwa har wuyansa suke hawa suna ja masa gemu, ina gefe ina kallo. Na san al'ada ce, an gaya mini, amma sanin bai taɓa hana abin yi mini zafi ba.

Abin da na fi sani a jikin Baffa shi ne tabonsa. In ya tuɓe riga zai yi wanka ko za a yi masa aski, sai ka ga wasu layuka masu kauri sun zagayo daga haƙarƙarinsa zuwa baya, sun tashi kamar an ɗora igiya a ƙarƙashin fata. Tabon shaɗi ne, wasan da samarin Fulani ke yi, inda saurayi zai tsaya a fage ƙirji a buɗe, abokin karawarsa ya zabga masa tsumagiya, shi kuma kada ya ko motsa. Baffa bai taɓa ba da labarin ba. Goggo ce mai labari, kuma ba ta gajiya.

"Ina wurin, da idona na gani," in ji ta. "Ya ɗaga hannuwa sama, ya riƙe madubi yana duba fuskarsa. Aka sauke masa ta farko, fata ta tsage, jini ya biyo wando. Ka san abin da ubanka ya yi? Murmushi. Har ya gyara kitsonsa. 'Yan mata suka ɗauki guɗa. Wannan shi ne namiji, Manu, ba waɗannan 'yan birnin da ƙaya za ta soka su tara unguwa ba."

A nan labarin Goggo yake tsayawa kullum, a kan guɗar 'yan mata. Ban taɓa tambayarta abin da ya biyo baya ba, ita ma ba ta san shi ba, domin mata ba sa bin samari bayan an tashi daga fage. Ni dai na ɗauki abin da aka ba ni na haɗiye. Na ƙudura a raina cewa tunda Baffa ba zai dube ni ba, zan zama irin mutumin da in an ba shi labarina zai ji daɗi a ɓoye. A cikin gari ba a shaɗi. Abin da muke da shi ƙwallo ne.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malamin makaranta ya sayi babur da rediyo, wanda bai iya tuƙi ba ma ya saya yana turawa. Malamin wasanninmu, Malam Ishaya, Batangale ne daga Kaltungo, gajere mai faɗin ƙirji da dariya mai ƙarfi. Shi da ya samu nasa, bayan babur sai ya sayo mana ƙwallon fata na gaske da safa dogaye. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ya fi ƙarfinmu, kambas muke sawa, amma ya koya mana mu yanka kwali mu cusa a cikin safa don kare ƙauri. Ɗan baya nake bugawa, kuma ba yabon kai ba, 'yan gaba ba sa son haɗuwa da ni. Kututture ake ce mini, domin duk wanda ya yi karo da ni shi ke faɗuwa. Matsalata da Malam Ishaya guda ce: ba na nuna an ji mini ciwo. A yi mini keta a fili, a harbe ni a ƙafa kowa ya ji ƙarar, sai in ci gaba da gudu kamar ba ni aka taɓa ba, alƙalin wasa kuwa ya bar usur ɗinsa a baki bai busa ba.

"Manu, zo nan," in ji shi wata rana bayan atisaye. "Alƙalin wasa boka ne? Ya zai san an harbe ka in ba ka faɗi ba? In an taka ka, ka faɗi, ka riƙe wurin, a duba ka. Ba ƙarya na ce ka yi ba, gaskiyar jikinka na ce ka faɗa."

"Malam, ai ba zafi."

"Ba zafi! Ƙafar taka itace ce? Wannan fulakon naka zai sa a ci mu a wasa wata rana."

Yara suka yi dariya, ni ma na yi, amma a zuciyata raina shi na yi. Na ce mutumin kirki ne, sai dai bai san abin da ake kira namiji a gidanmu ba.

Sai aka sa mana wasa da wata kwalejin horon malamai, aka kuma ce wasu mutane za su zo daga Bauchi su zaɓi yaran da za su buga wa jiha. Malam Ishaya ya ja ni gefe ya ce sunana ne na farko a bakinsa. Ku gane abin da wannan yake nufi a lokacin. Wanda aka ɗauka, za a kai shi makarantar kwana, a ba shi takalmi da riga mai lamba, a faɗi sunansa a rediyo. Ni kuwa rediyon ne ya tsaya mini a rai. Baffa yana da wata ƙarama da yake ratayawa a kafaɗa a tike. Na riƙa ayyana yadda sunan da bakinsa ba ya iya faɗa zai fito daga cikinta a gaban abokan cinikinsa. Ban gaya masa ranar wasan ba, ba a yin haka. Goggo na gaya wa, da ƙarfi, a tsakar gida, lokacin da na san yana bayan zana yana alwala. Ita kuma washegari ta tafi Dukku wurin haihuwar 'yarta, ta ce sai an yi suna za ta dawo.

Ranar wasan, da la'asar, filin ya cika har kan katanga. 'Yan kwalejin nan manya ne, wasu da gemunsu, kuma kowannensu da takalmi mai ƙusoshi. Muna ɗumama jiki sai na ɗaga kai. Can ƙarshen fili, bayan raga, akwai wata tsamiya, a ƙarƙashinta kuma ga mutum tsaye da malafa, ya gitta sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kai. Ya ba filin gefe, yana duban hanya kamar mai jiran wani. Ko cikin mutum dubu na san wannan tsayuwar. Baffa ne, wanda bai taɓa taka makarantarmu ba, wanda yake kiran ƙwallo "guje-gujen banza". Wani daɗi ya rufe ni har na ji ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Abu na farko da ya zo mini shi ne kwalin da ke cikin safata. Na ce a raina, mutumin da ya tsaya a fage ƙirji a buɗe, yau ya zo ya ga ɗansa ya ɓoye ƙafa a bayan kwalin sabulu? Na durƙusa kamar mai ɗaure igiyar kambas, na zare kwalayen na jefar a ciyawa.

Bayan hutun rabin lokaci abin ya faru. Wani dogon ɗan gabansu ya taho da ƙwallo, na tare shi, na riga shi kai ƙafa, shi kuma takalminsa ya sauka a kan ƙaurina na hagu da dukkan nauyinsa. Na ji wani ɗan ƙara a cikin ƙashin, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshen kara. Duniya ta yi fari. Malam Ishaya yana bakin layi yana ihu, "Faɗi! Manu, faɗi!" Alƙalin wasa ya juyo yana dubana, usur a baki, yana jiran ya ga abin da zan yi. Ni kuwa na dubi tsamiya. A karon farko a rayuwata na ga Baffa ya juyo gaba ɗaya yana kallona. Sai na ɗaga hannuwana sama na yi murmushi. 'Yan kallo suka ɗauki sowa, "Kututture! Kututture!" Alƙali ya yi alamar a ci gaba. Na ƙarasa wasan a kan ƙafar nan, ban san yadda na yi ba, kuma ba a ci mu ba. Mutanen Bauchi suka kira ni suka ce in shirya, bayan sati biyu za a zo a tafi da mu. Da na sake duban tsamiya babu kowa.

Malam Ishaya ya so ya duba ƙafar, na ce masa ƙujewa ce kawai, na ja safa na rufe. A gida na shige ɗakin Goggo na kwanta. Kafin gari ya waye ƙaurin ya kumbura yana sheƙi. Na sa dogon wando, na koyi wata tafiya ta a hankali kamar ta mai jin kansa. Da Goggo tana nan, da kallo ɗaya za ta yi mini ta tara mini jama'a. Inna ta gani, na san ta gani, amma bakinta a ɗaure yake kamar na mijinta. Abin da ta iya shi ne ta ajiye kwano a ƙofar ɗakin ta ce wa iska, "Ga ruwan zafi da man shanu nan, ko akwai mai so." Na gasa wurin a ɓoye, na mayar da kwanon. Baffa kuwa ya koma yadda yake, ba ya dubana. Yanzu ku duba yadda abin ya haɗu: ɗa ba zai faɗa ba don kada a ce rago ne, uba ba zai duba ba don kada a ce marar kunya ne. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya, ƙashi yana tsage a tsakaninmu.

Ranar kasuwa da safe ina zaune a zaure sai ya fito. Akwai wani jan bijimi da aka kawo masa daga ruga, mai faɗa, wanda ba ya yarda kowa ya riƙe igiyarsa sai shi. Ko manyan yaransa na tike ba ya ba su. Ya tsaya yana gyara malafa, ya dubi bango, ya ce:

"Wanda ya tsaya wa ƙattin nan ranar nan, ai zai iya kai jan bijimin nan tike."

Ya ajiye igiyar a kusa da ƙafata ya wuce gaba. Ku da kuka taso ina rungumarku ina ce muku sannu da ƙoƙari, ba za ku san nauyin wannan magana ba. Shekara goma sha shida ina jiran ta. Wannan ita ce yabon Baffa, ita ce guɗar 'yan matan, ita ce sunana a bakinsa. Mutanen da ke cewa ya tura ni aiki da karyayyar ƙafa don mugunta ba su san cewa kyauta mafi girma da yake da ita ya ba ni ba. Kuma ku gaya mini, wane yaro ne za a miƙa wa wannan ya ce ƙafarsa na ciwo? Na ɗauki igiyar.

Tsakanin gidanmu da tike akwai kwari, irin waɗanda ruwa ke haƙawa a garin nan. Baffa yana gaba da sauran shanun, ni ina baya da bijimin, ina taka ƙafar ina cije leɓe. Mun fara gangarawa sai wani ya taho a kan sabon baburinsa yana ta danna ƙaho, irin na masu sabon kuɗi. Bijimin ya firgita ya fizge. Da na saki igiyar da shi ke nan, amma igiyar Baffa ce, ban saki ba. Na dafe da ƙafar hagu a bakin gangaren, sai ta karye gaba ɗaya. Wannan karon kowa ya ji ƙarar. Na faɗi cikin yashi, na ga ƙafata ta kalli inda ba ta saba kallo ba, kuma ko a nan ban yi kuka ba. Baffa ya juyo. Ya bar shanun, ya bar bijimin ya yi daji, ya sauko kwarin da gudu har malafarsa ta faɗi. Ya ciccibe ni ya goya a bayansa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ɗumin jikinsa ba sai ranar. Ta cikin rigarsa ina jin tabon nan a ƙirjina.

Gidan Malam Buba mai ɗori ya kai ni, wani tsoho a cikin gari da ya gaji sana'ar. Kafin a shimfiɗe ni a zaure labari ya zaga. 'Yan ƙwallonmu sun zo, yaran unguwa sun zo, har da 'yan mata masu talla, duk sun cika ƙofar gida suna leƙe suna cewa Kututture ne. Malam Buba ya yaga wandon, ya shafa ƙaurin da yatsunsa, ya daɗe yana kallon kumburin da ya riga ya yi baƙi.

"Wannan ƙashin ba yau ya fara ba," in ji shi. "Ya kwana biyu a tsage, an yi ta tafiya a kansa har bakin ya cinye. Yaro, tun yaushe?"

"Tun ranar ƙwallo," na ce.

Ban dubi Baffa ba, amma na ji numfashinsa ya tsaya. Malam Buba ya ce sai an ja ƙafar da ƙarfi kafin ƙashin ya koma mazauninsa, ya kira almajiransa biyu su danne ni, ya jera karare da tsumma. Ni kuwa ina jin muryoyin abokaina a waje, na tattara gefen rigata na cusa a baki, na fara shirya murmushina. Sai Baffa ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya tsuguna kusa da kaina, amma mai ɗorin ya fuskanta, domin ko a wannan hali ba zai iya yi mini magana kai tsaye ba. Ya ce:

"Malam, ka gaya wa mai ƙafar nan, labarin da aka ba shi rabi ne. Gaskiya ne na yi murmushi a fage. Amma da aka tashi, kawuna ya ja ni bayan ruga, bakin rafi, inda ba mace ba yaro. Ya wanke mini wurin da ruwan magani. Na yi kuka har na yi amai. Kawu ya riƙe kaina a cinyarsa, abokaina suka kewaye mu suna kiran shanu da ƙarfi don kada a ji ni a gida. Kowane ɗan shaɗi haka ake yi masa. Wanda ya dake ni ma a gefena yake yana nasa kukan."

Ya share fuska da hannun riga.

"Ka gaya masa murmushin na ɗan lokaci ne, kuma akwai dattawa a wurin da ke tsayar da wasa in abin ya yi yawa. Ba a kai shi gida. Ba a kwana da shi. Ni ne ya kamata in ja shi bakin rafi ranar nan, ban yi ba, na ga ya yi dariya na tafi ina jin daɗi. Ka gaya masa nan ba fage ba ne."

Ya miƙe ya fita, ya ja tabarmar ƙofa ya rufe. Sai na ji muryarsa a waje, wadda ban taɓa jin ya ɗaga ba, ta tashi kamar yana tsakiyar dajin Dukku. "Hoo! Saye! Hoo, Wule! Hoi, hoi, hoi!" Yana kiran shanun gidansu da suka mutu tun kafin a haife ni, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, yana buga sanda a ƙasa. Yara suka watse suna dariya suka kewaye shi, 'yan talla suka bi, kowa ya bar ƙofar zaure ya koma kallon Bafillacen da ya zauce. Malam Buba ya dube ni ya ce, "To, bismillah." Ya ja ƙafar. Na tofar da rigar na kurma ihu, na yi kukan da ban yi ba a fili, da wanda ban yi ba a kwari, da wani ma da ya girme su duka. Babu wanda ya ji ni a waje. Muryar Baffa ta rufe tawa har aka gama ɗaure karare.

Ƙafar ta warke, amma ta gajarce, kun gan ta. Motar Bauchi ta zo ta tafi da wasu ina kwance. Ba zan ce muku abin bai dame ni ba. Shekaru da yawa in na ji ana sharhin wasa a rediyo sai in kashe, kuma har yau in na yi mafarki da ƙafa biyu daidai nake gudu. Washegarin ɗorin, Malam Ishaya ya zo gidanmu a fusace, ya tsaya a ƙofar zaure ya gaya wa Baffa maganganu a gaban mutane, ya ce ya kashe wa yaro rayuwa saboda saniya. Allah ya saka masa da alheri, don ƙaunata ya yi. Baffa yana zaune a kan buzu, muryarsa a dishe saboda kiran nan, bai ce uffan ba. Zai kare kansa ne da me? Sai ya yi maganar ɗansa na fari a bainar jama'a, wannan kuwa ba zai iya ba. Daga nan maganar ta samo asali, Goggo ma da ta dawo ta ɗora nata a kai, har ta iso kunnuwanku. Mutanen unguwa kuma suka riƙa cewa baƙin cikin ɓatan bijimi ne ya sa shi sambatu a ƙofar mai ɗori. Ya bar su a haka. Ranar da na fara takawa na tarar da sandarsa ta kiwo jingine a ƙofar ɗakin Goggo, an rage mata tsawo daidai hannuna. Har ya rasu bai kira sunana ba, ni kuma ban ƙara jiran hakan ba.

To, Abba, mu dawo Pantami. Ɗanka Nasiru shekararsa goma sha ɗaya. An kwashe masa ƙafa ya faɗi, na ga fuskarsa ta yamutse, na ga ya juyo yana neman ka a cikin mutane. Kai kuma ka miƙe ka daka masa tsawa, "Tashi, kai namiji ne! Kada ka ba ni kunya!" Ban zarge ka ba, ni na haife ka, kuma wataƙila rabin labari na ba ka kamar yadda aka ba ni. Amma na ga yaron ya haɗiye kukan, ya dafa ƙasa, ya fara haɗa wani murmushi da na sani sarai. Ba ni da ƙafar da zan sauka fili in ɗauke shi. Abin da nake da shi murya ce, sai na miƙe na kira Saye da Wule. Duk filin ya juyo yana kallon mahaukacin tsoho, ku kuka sunkuyar da kai don kunya. Ni kuwa ta gefen ido ina kallon jikana. Ya koma ya zauna, ya riƙe idon sawunsa, ya yi kukansa son ransa ba wanda ya lura, har mai ba da magani ya iso wurinsa ya duba ƙafar.

Gobe in Allah ya kai mu za a kwance masa bandejin. Kai za ka kai shi, ba direba ba. In za a taɓa wurin, ka riƙe kansa a cinyarka, ka kira shi da sunansa. Kai ba abin da ya hana ka.